Jariri a Cikin Jirgin Sama: Me Ke Sa Shi Kuka Idan An Zo Sauka?

Duk wanda ya saba shiga jirgin sama tare da masu goyo ya san wani abu da kan faru kusan kowace tafiya. Jariri zai yi ta barcinsa ko wasansa tun daga tashi, amma da zarar ya rage kamar minti 30 a sauka sai ya ɓarke da kuka, kuma sau da yawa sai sauran jariran da ke cikin jirgin su amsa masa. Fasinjoji su shiga tsaki, uwa kuma ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Wani ya ce rigima ce kawai, wani ya ce yunwa ce. Amma tun da yake kukan yana da lokacinsa da ba ya saɓawa, lalle akwai wani dalili da ya haɗa jariran nan duka, kuma dalilin yana cikin darasin matsin iska da ake koyarwa a Fiziks na babbar sakandare.

Nauyin da kowa ke ɗauke da shi

Iska tana da nauyi. Duniya lulluɓe take da iska mai kaurin kilomita da yawa, wadda ke danna duk abin da ke ƙarƙashinta ta kowace fuska. A bakin teku, alal misali a Legas, kowane fili na jikin mutum mai faɗin farcen ɗan yatsa, wato murabba'in santimita 1, yana ɗauke da nauyin iska na kimanin kilogiram 1. Mutum ba ya jin wannan nauyi domin iskar da ruwan da ke cikin jikinsa suna turowa daga ciki daidai gwargwado. Wannan danni shi ake kira matsin iska, kuma ana auna shi da kilofaskal. A bakin teku yana kai kilofaskal 101.

Wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Torricelli ne ya fara auna shi a shekarar 1643 da bututun gilashi da zaiba. Bayan shekara biyar, a 1648, Blaise Pascal na Faransa ya sa mijin 'yar'uwarsa ya hau wani dutse da ake kira Puy de Dôme ɗauke da irin wannan ma'auni, aka tarar cewa matsin yana raguwa gwargwadon yadda ake hawa sama. Dalilin a fili yake: wanda ya hau sama ya bar wani kaso na iskar a ƙarƙashinsa. Kano tana kan tudun kimanin mita 480, matsin iskarta kuwa kimanin kilofaskal 96 ne. Jos, mai tudun kusan mita 1,200, nata bai wuce 88 ba.

Jirgin fasinja kuwa yana tafiya ne a tsakanin mita 10,000 da 12,000. A can matsin iska kashi ɗaya ne cikin huɗu na wanda ke bakin teku, ko ma ƙasa da haka, sanyi kuma yakan kai digiri 50 ƙasa da sifiri. Ba mai iya rayuwa a wannan hali. Saboda haka ake ɗura iska a cikin jirgi, yawanci daga injunansa, har matsinta ya ishi numfashi. Sai dai ba a ɗura ta har ta kai matsin da ke ƙasa. In da za a yi haka, da sai an ƙera gangar jikin jirgin da ƙarfe mai kauri da nauyi, domin duk tashi jikin yana ɗan kumbura, duk sauka yana komawa, kuma ƙarfe yana gajiya. An koyi wannan darasi da tsada a 1954, lokacin da jirage biyu ƙirar Comet na Ingila suka tarwatse a sararin sama saboda gajiyar ƙarfe. Abin da aka tsayar shi ne kada matsin cikin jirgi ya gaza na tudun mita 2,400, wato kimanin kilofaskal 75. Sababbin jirage irin su Boeing 787 da Airbus A350 sukan tsaya a kusan mita 1,800.

Ke nan jaririn da aka ɗauko daga Kano zuwa Jidda, cikin minti 20 zuwa 30 da tashi tamkar an ɗora shi ne a kan Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, wanda ke Jihar Taraba, mai tsawon mita 2,419. Zai zauna a can awa huɗu ko fiye, sannan a sauko da shi bakin teku cikin rabin awa.

Abin da ke faruwa a cikin kunne

A shekarar 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan aka rage matsin da ke kan wata iska da aka tsare, sai ta buɗe ta ci wuri mai yawa. Idan aka ƙara matsin sai ta takure. Ana iya ganin haka a cikin jirgi da robar ruwa wadda aka shanye. A rufe ta sosai lokacin da jirgi yake can sama, sannan a dube ta bayan an sauka: za a same ta a lotse kamar an taka ta. Iskar da aka tsare a ƙasa kuwa takan ƙara girma da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku idan an hau. Wannan ya haɗa da iskar da ke cikin tumbi da hanjin jariri, shi ya sa yana da kyau a sa shi ya yi gyatsa kafin a tashi. Amma inda ƙa'idar Boyle ta fi cizo shi ne kunne.

Idan aka bi ramin kunne zuwa ciki za a tarar da wani tantani siriri wanda ya toshe hanya, shi ne dodon kunne. Kaurinsa kimanin kashi ɗaya ne cikin goma na milimita, kuma aikinsa irin na fatar ganga ne: sauti ya taɓa shi, ya girgiza. A bayansa akwai wani ɗan ɗaki cike da iska, wato tsakiyar kunne, inda ƙananan ƙasusuwa uku suke miƙa girgizar zuwa can ciki. Dodon kunne ba ya aiki sosai sai matsin iskar da ke gabansa da na bayansa sun daidaita. Ɗan ɗakin nan kuwa ƙofa ɗaya tak gare shi, wani siririn bututu da ya gangara zuwa bayan hanci, saman maƙogwaro. Likitoci suna kiransa da sunan Eustachi, wani masanin sassan jiki na Italiya da ya bayyana shi a ƙarni na 16. A nan za a kira shi bututun kunne.

Bututun kunne a rufe yake zama. Ba ya buɗewa sai mutum ya haɗiye wani abu ko ya yi hamma, lokacin da wasu tsokoki na ganɗa suke jan bakinsa. Wannan ɗan ƙaran da ake ji a kunne idan an haɗiye yawu shi ne buɗewarsa.

Idan jirgi yana hawa, matsin waje yana raguwa, iskar tsakiyar kunne ta buɗe, ta tura bututun da kanta ta fice. Fita ba ta da wuya, don haka jarirai da yawa ba sa ko motsawa a lokacin tashi. Sauka ce ke da matsala. A nan matsin waje ne ke ƙaruwa, kuma dole iska ta koma ciki ta cike gurbin wadda ta fita. Amma bututun ba ya buɗewa da kansa ta wannan fuska. Hasali ma matsin da ke waje ƙara manne bakinsa yake yi. In ba a haɗiye ba, sai dodon kunne ya fara lotsawa ciki kamar robar ruwan nan. Ji ya dushe, kamar gangar da aka danne fatarta da tafin hannu, daga nan sai zafi. Idan bambancin matsin ya kai kimanin kilofaskal 12, bututun kan kulle har haɗiya ma ta kasa buɗe shi cikin sauƙi.

Ɗalibi na iya lissafa girman abin da kansa. Faɗin dodon kunne kimanin murabba'in santimita 0.6 ne, kuma na jariri bai gaza na babba da yawa ba, domin kusan da cikakken girmansa ake haihuwarsa. Idan bututu ya toshe tun daga sama har Kano, bambancin matsi zai zama 96 a debe 75, wato kilofaskal 21. A ninka wannan da faɗin tantanin, za a sami ƙarfin da ya yi daidai da nauyin giram 120 da ɗoriya, kamar a ce an ɗora matsakaicin lemon zaƙi a kan fatar da ba ta fi takarda kauri ba. Wanda ya yi wannan lissafi zai rage yi wa jariri tsaki.

Babba yana da dabaru. Zai tauna cingam, ko ya yi hamma da gangan, ko ya toshe hanci ya hura a hankali, dabarar da ake jingina wa wani likitan Italiya, Valsalva, wanda ya rubuta ta a 1704. Jariri ba ya iya ko ɗaya. Bugu da ƙari, halittar bututunsa daban ce. Na babba tsawonsa kimanin milimita 35 ne, kuma a gangare yake sosai. Na jariri rabin haka ne, kusan a kwance yake, bangonsa da taushi, tsokokin da ke buɗe shi kuma ba su gama ƙwari ba. Majina kaɗan ta isa ta toshe shi.

Maganin yana hannun uwa, kuma ba ya bukatar ko kwabo: a sa jariri ya yi ta haɗiya a lokacin da ya dace. Nono ya fi komai, in babu hali sai kwalbar madara ko robar tsotso. Kuskuren da aka fi yi shi ne na lokaci. Uwa takan shayar da yaro ya ƙoshi a tsakiyar tafiya, ya yi barci mai nauyi, sai jirgi ya fara gangarowa yana cikin barcin. Mai barci kuwa ba ya haɗiya sai jefi-jefi. Kafin ya farka bututu ya riga ya kulle. Abin da ya fi shi ne a ɗan jinkirta shayarwar, a tashe shi da zarar an ji jirgi ya fara sunkuyar da kai ko matuƙi ya yi sanarwa, wato kusan rabin awa kafin a taɓa ƙasa, a riƙe shi kansa a sama, a ba shi kaɗan-kaɗan har a sauka. Audugar da wasu ke cusa wa yaro a kunne ba ta hana komai, domin iska na ratsa ta, kuma matsalar a bayan dodon kunne take. In duk an yi wannan ya ci gaba da kuka, to kukan ma yana da amfaninsa, tun da mai kuka yana wage baki yana haɗiye yawu. Jaririn da ke fama da mura mai tsanani ko ciwon kunne kuwa, a kai shi likita ya duba kafin ranar tafiya, ko da hakan zai sa a ɗaga ta.

Numfashi da jini

Iskar oksijin kashi 21 ce cikin 100 na iska, a ƙasa da a sama duka. Abin da ke raguwa a sama shi ne matsin da ke tura ta daga huhu zuwa jini. A tudun mita 2,400, numfashi ɗaya yana kai wa jini abin da zai kai in da a bakin teku ake shaƙar iska mai oksijin kashi 15 kacal. Lafiyayyen mutum ba ya lura da wannan, haka ma lafiyayyen jaririn da aka haifa bayan cikar watanninsa. Duk da haka likitoci suna ba da shawarar kada a hau jirgi da shi a makon farko na haihuwa, domin a kwanakin ne huhu da zuciya suke gama sabawa da aikin duniya, kuma a lokacin ne cututtukan da aka haife shi da su suke fara bayyana. Da yawa daga cikinsu sun fi son a jira wata biyu ko uku. Al'adar Hausawa ta zaman jego, inda mai haihuwa ba ta tafiya sai ta yi arba'in, ta kusa dacewa da wannan shawara.

Bakwaini lamarinsa daban ne, musamman wanda aka taɓa sa wa oksijin a asibiti, haka nan yaro mai ciwon zuciya ko na huhu. Irin waɗannan a wasu manyan asibitoci akan gwada su tun a ƙasa: a ba su iska mai oksijin kashi 15 su shaƙa na ɗan lokaci ana auna jininsu, in ya faɗi da yawa sai a tanadar musu oksijin na tafiya.

Akwai kuma amosanin jini, wato sikila, wanda ya shafi wannan yanki fiye da yawancin sassan duniya. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irin cutar, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara. Ƙarancin oksijin, da ƙarancin ruwa a jiki, da sanyi, su ne manyan abubuwan da ke sa jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma duka ukun suna cikin jirgi. A watannin farko jariri yana da kariya, domin jininsa cike yake da wani nau'in himogulobin na zaman ciki wanda ba ya lanƙwashewa. Wannan kariya tana janyewa daga kusan wata shida, sau da yawa tun iyaye ba su san yaron yana da cutar ba. Iyayen da suka san dukansu biyu suna ɗauke da irin, ya kamata su gwada jinin yaro kafin doguwar tafiya.

Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai. Laimarta takan tsaya tsakanin kashi 10 da 20 cikin 100, kamar ranar hunturu a Katsina ko Maraɗi. Hanci da leɓe sukan bushe. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kawai za a ƙara masa, ba a ba shi ruwa. Uwar ce za ta yawaita sha. Game da ƙwayoyin cuta kuwa, iskar manyan jirage ana tace ta kuma ana sabunta ta sau 20 zuwa 30 a awa, saboda haka haɗarin ya fi zuwa daga mai tarin da ke kujerar kusa da kuma cunkoson filin jirgi. A tuna cewa a Nijeriya sai jariri ya kai wata tara ake yi masa allurar ƙyanda da ta shawara.

Wani abu da ya wajaba a faɗa da babbar murya shi ne batun maganin barci. Wasu iyaye, don gudun kunyar kukan, sukan ɗura wa jariri maganin mura ko na tari mai sa barci kafin a shiga jirgi. Wannan ganganci ne. Maganin promethazine, wanda aka fi sani da Phenergan, an hana ba da shi ga yaron da bai kai shekara biyu ba domin yana iya danne numfashi har ya kashe. Maganin tari mai kodin shi ma haka yake, kuma gwamnatin Nijeriya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Danne numfashin yaro a wurin da oksijin ya riga ya ragu, sannan a hana shi haɗiyar da za ta buɗe masa kunne, ɓarna biyu ke nan a cokali ɗaya.

Cinya ko kujera

Yawancin kamfanonin jirage suna barin yaron da bai kai shekara biyu ba ya zauna a cinyar babba, a kan kuɗi kaɗan. Ba a yarda a goya shi a baya lokacin tashi da sauka ba. To, shin hannun uwa ya isa ya riƙe shi? Ƙa'idar Newton ta biyu ta ce ƙarfi shi ne nauyin abu a ninka da saurin canjin gudunsa. Kujerun jiragen zamani ana gwada su ne a kan tsayawar da ta ninka jan ƙasa sau 16. A irin wannan tsayawa, jariri mai kilogiram 8 zai fizge hannun mai riƙe da shi da ƙarfin kilogiram 128, fiye da buhun shinkafa biyu da rabi. A hatsarin wani jirgin United Airlines a garin Sioux City na Amurka a watan Yuli na 1989, inda mutum 184 suka tsira daga cikin 296, akwai yara huɗu da ba su da kujera. An umarci iyayensu su kwantar da su a ƙasa su danne su, kamar yadda ƙa'idar lokacin ta tanada. Ɗaya daga cikinsu ya rasu, kuma shugabar ma'aikatan cikin jirgin ta shafe shekaru tana fafutukar a canza dokar.

Hatsari irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Gargadar iska ta fi shi yawa nesa ba kusa ba, kuma takan zo ba sallama. A watan Mayu na 2024 wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa cikinta a sararin ƙasar Myanmar. Cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ƙarfin da ke danne fasinjoji a kujera ya juye ya zama mai cilla su sama, waɗanda ba su ɗaura bel ba suka bugi rufi. Mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni. Hannun da ke riƙe da yaro mai barci a sake yake, kuma kafin ƙwaƙwalwa ta umarce shi ya damƙe, abin ya riga ya wuce.

Hukumomi ba su yi ittifaƙi a kan mafita ba. A Turai da ƙasashe da yawa ana ba uwa wani ƙaramin bel da ake saƙalawa a jikin nata. A Amurka an hana amfani da shi, bisa hujjar cewa jikin babba na iya danne yaron. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne kujerar yara irin ta mota, wadda aka amince da ita, a ɗaure a kujerar jirgi ta kansa, ita ta fi tsaro. Amma a 2005 hukumar sufurin sama ta Amurka ta ƙi tilasta ta, domin lissafinta ya nuna cewa tsadar tikiti na biyu za ta kora iyalai zuwa mota, inda mutuwa ta fi yawa. Wannan hujja tana da nauyi ga duk wanda ya san halin manyan hanyoyin Nijeriya: jariri a cinya cikin jirgi ya fi jariri a cinya cikin motar haya aminci. Mai hali ya saya wa yaro kujera. Marar hali ya zauna da bel a ɗaure duk tsawon tafiya, ya ciro yaro daga ɗan gadon da ake rataya wa a bango da zarar fitilar bel ta kama. In kuma takunkumin oksijin ya faɗo, babba ya fara sa nasa, domin a wannan tsawo hankali kan gushe cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma uwar da ta suma ba ta da wani amfani ga ɗanta.

Gwaji a cikin aji

Malami na iya ƙera tsakiyar kunne da gwangwanin madara. A cire murfinsa, a shimfiɗa yankin balan-balan a bakinsa a ɗaure tam da roba, sannan a huda ƙaramin rami a gefe a sa siririn bututun roba, a liƙe gefensa da kakin kyandir. Balan-balan shi ne dodon kunne, bututun kuma bututun kunne. Ɗalibi ɗaya ya zuƙi iska ta bututun ya matse shi da yatsa: fatar za ta lotsa ciki ta tsaya a haka, wanda shi ne halin kunnen jariri mai mura a lokacin sauka. A ƙwanƙwasa ta a saurari yadda sautin ya canza. Da ya saki yatsa za ta dawo daidai, kamar yadda haɗiya ɗaya take yi.

Daga nan sai a ba ɗalibai lissafi. Idan matsin cikin jirgi kilofaskal 75 ne, wane jariri ne kunnensa zai fi shan aiki, wanda zai sauka a Legas ko wanda zai sauka a Jos? Na Legas bambancinsa 26 ne, na Jos 13, rabi ke nan. A ƙara musu da Adis Ababa, babban birnin Habasha, wanda ke kan tudun fiye da mita 2,300, su gano da kansu abin da ya sa kunne ba ya cika damun kowa idan can za a sauka.